Insol a Takalmi: Inda Yake Aiki da Inda Ake Mana Romon Baka

Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da kawuna a Agege ya san yadda asubarsa take farawa. Ana kiran farko zai yaye mayafi ya zuro ƙafa ƙasa, dunduniyar dama na taɓa siminti sai ka ji "Wash! Ya Salam." Ya dafa bango, ya yi taku biyar ko shida yana ɗingishi kamar wanda ya taka ƙaya, kafin ya kai inda butoci suke ciwon ya fara sakinsa. In ya dawo daga masallaci sai ka rantse ba shi ne ya yi wannan rakin ba. Gadin rana yake yi a wani kamfani a Ikeja, tsayuwa ce daga safe har magariba a kan kankare, buɗe ƙofa, rufe ƙofa, duba bayan mota. Idan ya ɗan samu ya zauna bayan la'asar, miƙewarsa ke da wuya ƙusar nan ta sake kafuwa a wuri ɗaya.

Wata ranar Asabar ya shigo da wata leda. A cikin danfo, motar hayar Legas, daga Oshodi wani mai talla ya miƙe ya yi musu huɗuba a kan wata shimfiɗar cikin takalmi mai ƙuraje-ƙuraje da ɗigon maganaɗisu, wadda a cewarsa tana maganin ciwon ƙafa, da gwiwa, da baya, da hawan jini, har da kasala. Kawu ya saya. Ya ajiye ta gabana ya ce, "Kai ɗan nan, kai da ba ka rabuwa da karance-karance, wannan abin gaskiya ne ko an ci kuɗina?" Na juya ta, na matsa ta da yatsa, na ce, "Kawu, sosan gaskiya ne, maganaɗisun kuma an ci kuɗinka." Bai gamsu da gajeriyar amsa ba, ni ma ban gamsu ba, domin maganar ta fi haka tsawo.

Masu shushaina da masu gyaran takalma insol suke ce masa, mu ma haka za mu kira shi. Hanya mafi sauƙi ta gane aikinsa ita ce mutum ya je kasuwar Mile 12 da sassafe ya tsaya ya kalli 'yan dako suna sauke kwandunan tumatur. Babu wanda zai ɗora kwando a ka ba tare da ya naɗe tsumma ya yi gammo ba. Gammo ba ya rage wa kwando nauyi ko da na tumatur ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya hana nauyin taruwa a wuri guda a tsakar ka, ya baza shi, ya kuma hana kayan yin rawa. To insol gammon ƙafa ne. Wanda ya riƙe wannan ya gama fahimtar rabin lamarin, kuma zai yi wuya mai talla ya wanke shi.

A kowace ƙafa akwai ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, ga tsokoki da jijiyoyi fiye da ɗari da suka ɗaure su. An jera ƙasusuwan nan ne a lanƙwashe kamar baka, shi ya sa idan ka yi alwala ka taka busasshen siminti za ka ga sawun ya bar gurbi a tsakiya ta gefen ciki. Baka kuwa ba ya tsayuwa sai da tsirkiya. Tsirkiyar ƙafa wani tantani ne mai kauri da tauri, wanda ya taso daga ƙashin dunduniya ya bazu zuwa gindin yatsu. Duk takun da mutum ya yi, nauyinsa na danne bakan, tsirkiyar ta miƙe, sannan ta dawo. Idan aka yi mata lodin da ya wuce ƙarfinta, wata da watanni, wurin da ta manne da ƙashin dunduniya sai ya fara gajiya yana ƙananan tsagewa. Da dare ƙafa na kwance a sake, tantanin ya takure ya sandare, takun farko na asuba ya fizge shi. Ƙusar da kawu yake ji ke nan. Shi ya sa ciwon yake da wannan ɗabi'a ta ban mamaki, ya yi tsanani bayan hutu, ya lafa in an ɗan taka, ya dawo da yamma in an wuni a tsaye.

Wasu kan je a ɗauki hoton ƙashi, a nuna musu wani ɗan tsini da ya fito a ƙasan dunduniya, su dawo gida hankali a tashe wai ƙashi ya tsiro musu sai an yi aiki. Mutane da yawa suna yawo da wannan tsinin ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma suna fama da ciwon babu tsinin. Galibi ba shi ne mai laifin ba.

Insol ɗin ma ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ake yawan rikicewa. Akwai na soso ko na roba mai laushi wanda ba shi da wata siffa, aikinsa kawai ya rage dukan da ƙasa ke yi wa ƙafa. Akwai mai tudu a tsakiya wanda yake cike gurbin tafin ƙafa ya tallafi bakan, wannan yakan ɗan yi tauri. Akwai ɗan kofin silikon na dunduniya kaɗai. Akwai wanda ake ɗaga dunduniya da shi, ko don a sassauta wa agara, ko don ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Akwai ɗan matashi da ake sawa a bayan gindin yatsu ga masu jin zafi a gaban ƙafa, irin matan da suka daɗe suna sa takalmi mai tsini. Sannan akwai wanda ake auna ƙafar mutum, a ɗauki siffarta, a ƙera masa nasa shi kaɗai. Sana'ar ta daɗe. Tun farkon shekarun 1900 wani Ba'amurke, William Scholl, ya fara sayar da abin tallafar tafin ƙafa a Chicago, kuma har yau sunansa na kan kwalaye a manyan kantuna.

To wanne ne yake aiki, kuma a kan wane ciwo? Abin da na fahimta bayan na bi diddigin maganar shi ne, ƙarfin insol yana raguwa gwargwadon nisan ciwon daga inda aka shimfiɗa shi. A tafin ƙafa yana da abin faɗa. A gwiwa muryarsa ta yi ƙasa. Kafin a kai gadon baya kusan ya yi shiru. Masu talla kuwa a juye suke jera abin, da ciwon baya suke fara kiran kasuwa, domin sun san a cikin motar nan babu wanda bayansa bai taɓa riƙewa ba.

A kan ciwon dunduniya irin na kawu, an yi wani gwaji a Ostareliya da aka buga a 2006, da mutum 135. Aka raba su uku: wasu aka ba su siririn soso na je-ka-na-yi-ka, wasu aka ba su insol mai tudu na kanti, wasu aka ƙera musu nasu na musamman. Bayan wata uku, masu na kanti da masu na musamman sun ɗan fi samun sauƙin zirga-zirga. Bayan shekara guda kuwa, duka ukun sun zo daidai, domin yawancinsu sun samu sauƙi ko ta wace hanya. Abu biyu ne a nan. Na farko, insol na taimakawa a watannin da ciwon yake ganiyarsa, amma ba shi ke warkarwa ba, jiki ne ke ɗinke kansa, kuma yawancin masu wannan ciwo suna rabuwa da shi cikin shekara guda ko makamancin haka. Na biyu, wanda ya fi shafar aljihunmu, na kanti mai rahusa ya yi kafaɗa da kafaɗa da na musamman mai ɗan karen tsada. Saboda haka idan wani ya sa ka taka wata na'ura mai fitar da hoton ƙafarka ja da kore da shuɗi, sannan ya yanka maka kuɗin da ya kai cefanen wata, don ciwon dunduniya kawai, ka ce masa za ka je ka yi shawara.

Maganaɗisu kuma an gwada shi. A 2003 likitocin asibitin Mayo na Amurka suka ba mutum wajen ɗari masu ciwon dunduniya insol, rabi mai maganaɗisu na gaske, rabi mai ƙarfen da ba shi da komai, ba tare da sun san wanne suka samu ba. Bayan mako takwas babu bambanci. Waɗanda suka ji sauƙi, laushin sosan ne da wucewar lokaci.

Gwiwa iri biyu ce a wannan magana. Akwai ciwon gaban gwiwa, bayan ƙoƙon, wanda ke damun matasa, masu ƙwallo, da masu hawa da sauka, irin wanda za ka ji in kana hawan gadar masu tafiya a ƙasa ta Oshodi ko ka daɗe a durƙushe. A nan insol mai tudu kan ba da sauƙi na 'yan makonni, kafin motsa jikin ƙarfafa cinya da ƙugu ya kama aiki, kuma motsa jikin shi ne ainihin maganin. Sai kuma gwiwar manya, wadda guringuntsinta ya zaizaye, abin da iyayenmu ke kira sanyin ƙashi. An daɗe ana ba su wani insol mai kauri ta gefen waje, da nufin a karkatar da nauyi daga inda ya cinye. Dabarar ta yi kyau a takarda. Da aka tattara gwaje-gwajen a 2013 sai aka ga bai fi shimfiɗa ta yau da kullum rage ciwo ba, kuma ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka a ƙa'idojinta na 2019 ba ta goyi bayan amfani da shi ba. Ga Hajiya mai ciwon gwiwa, rage ƙiba, da ƙarfafa cinya, da riƙe sanda in ta kama, sun fi duk wani abin da za a cusa a takalmi.

Yanzu baya. Hujjar masu sayarwa tana da daɗin ji: ƙafa ce harsashin gini, in harsashi ya karkace dole bango ya tsage. Sai dai mutum ba gini ba ne. Gini ba ya gyara tsayuwa, ba ya sauya taku, ba shi da tsokar da za ta rama wa wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma kusan tara cikin goma ba a iya nuna wata cuta guda a ce ga ta. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci, ta duba wannan tambayar a 2007, ta haɗa gwaje-gwajen da suka ƙunshi mutum fiye da 2,000, ta ce insol ba ya hana ciwon baya zuwa. A 2016 hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idar aiki, ta ce kai tsaye kada a ba mai ciwon ƙasan baya insol a matsayin magani, haka ma ɗamarar baya.

Na san akwai wanda zai ce shi ya sa kuma bayansa ya saki. Ba na ƙaryata shi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da dunduniya ke masa ciwo yana karkata jiki yana ɗingishi, kuma wuni guda ana ɗingishi ya isa ya riƙe ƙugu. In aka sassauta wa dunduniyar, tafiya ta miƙe, ƙugu ya huta. Amma wannan ciwon ƙafa ne aka magance, baya ya ci albarkaci. Ɗan acaɓan da ya wuni yana faɗawa ramuka, da direban tirela da ya kwana uku a layin Apapa a kan kujera, da mai kura da ke tura jarkoki goma sha biyu yana hawan tudu, da ɗan canjin da ya wuni a kan benci babu majingini, babu ɗayansu da matsalarsa take cikin takalmi. Sa musu insol barin jaki ne ana dukan taiki.

Akwai wuri ɗaya da ƙafa take da hannu a ciwon baya ƙarara, shi ne inda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo sosai. Ɗan bambanci kaɗan kusan kowa yana da shi, kuma in bai kai santimita biyu ba yawanci ba a taɓa shi. Amma a cikinmu akwai waɗanda suka karye a hatsarin babur, aka kai su wurin mai ɗori, ƙashin ya haɗe a gajarce. Akwai kuma 'yan uwanmu da shan inna ta taɓa tun suna yara, domin ko da yake an tabbatar da kawar da ƙwayarta ta asali daga Najeriya a 2020, waɗanda ta riga ta nakasa suna nan tare da mu a Agege da Idi-Araba da Ebute Metta. Irin waɗannan ciko a takalmi yana canza musu rayuwa, amma sai an auna. In cikon ya yi yawa ba ya shiga cikin takalmi, a ƙasan takalmin ake ƙara shi. Wannan aikin masu ƙera kayan tallafin gaɓoɓi ne, kuma suna nan a Asibitin Ƙashi na Igbobi da ke kan titin Ikorodu, takwaran na Dala da muka sani a Kano. Sassan gashin ƙashi na asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Ikeja su ma suna duba irin wannan. Kada mutum ya tsaya gaban madubi ya yanke wa kansa hukunci cewa ƙafarsa ta hagu ta gajarta ya cusa kwali, domin sau da yawa ƙugu ne ya karkace saboda ciwo, ƙafafun daidai suke.

Abin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ne ya fi shafarmu mu Hausawan Ikko, shi ne takalmin da za a sa insol ɗin a ciki. Duk waɗancan gwaje-gwajen an yi su ne a kan mutanen da ke wuni cikin kambas ko sau-ciki mai igiya. Mu kuwa je ka ƙofar masallacin Juma'a ka dubi abin da aka jera: silifas, fade, takalmin soso, da sau-cikin da aka take bayansa ya kwanta. Kuma da dalili. Mutumin da zai cire takalmi sau biyar a rana, ya wanke ƙafa sau biyar, a garin da zafi da gumi ba sa ɗaga ƙafa, ba zai so abin ɗaure-ɗaure ba. To insol ba ya zama a silifas. Ko a sau-cikin ma, in bayansa ya mutu, dunduniya na zamewa hagu da dama, insol ɗin sai ya bi ta su tafi tare. Gammo ne a kan kwandon da gindinsa ya ɓule.

Na ɗauki takalmin aikin kawu na ɗora a kan tebur na tsuguna na dube shi ta baya. Na daman ya kwanta gefe kamar jirgin ruwan da ya sha lodi, dunduniyarsa ta cinye ta waje har ana ganin ramukan cikin roba. Na kama shi da hannu biyu na murɗa, ya murɗu kamar tsumma. Na danna bayansa da babban yatsa, ya lotsa. Shekara uku yana cikinsa. A irin wannan ko insol na zinare ka sa, banza ne. Takalmin kirki shi ne wanda bayansa ke da tauri, ba ya murɗuwa, yana lanƙwashewa a gindin yatsu kawai ba a tsakiya ba, dunduniyarsa ta ɗan fi gabansa tudu, gabansa kuma da faɗin da yatsu za su sake. Ba sai sabo ba. A gwanjon Katangua ko Yaba ana samun mai kyau, in dai mutum zai juya ƙasansa ya tabbata mai shi na farko bai cinye shi ta gefe ɗaya ba. A je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma a tafi da insol ɗin a gwada su tare. Wanda kuma ba zai iya rabuwa da buɗaɗɗen takalmi ba, ya nemi sandal mai kaurin ƙasa, mai tudu a tsakiya da maɗauri a baya. Ya fi silifas ɗin wanka nesa ba kusa ba, kuma ya dace a ajiye irinsa na cikin gida, domin tayil ɗin da muke yayi yanzu ba ya tausayin dunduniya.

Sai batun ruwa. Insol na soso in ya sha ruwan alwala da ruwan saman watan Yuni da Yuli na Legas, ba ya bushewa a cikin takalmi. Wari ne zai biyo baya, sannan tsakanin yatsu ya fara fari yana sabulewa yana ƙaiƙayi. A riƙa tsane ƙafa kafin a mayar da ita, a zare insol ɗin da dare a jingine shi ya sha iska. Kada a gasa shi a rana ko a bakin wuta, robar na lanƙwashewa.

Akwai mutum ɗaya da insol ya fi kowa yi wa amfani, kuma abin takaici shi ne wanda ba ya zuwa nema, domin ba ya jin ciwo. Mai ciwon suga ke nan. Muna cewa jiki magayi, to suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, jikin ya daina gaya wa mai shi komai. Na ga wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ta wuni biki da ɗan kunnen jikarta a cikin takalmi, ba ta sani ba sai da dare da aka ga jini a safa. Wurin da nauyi ke taruwa, galibi ƙarƙashin gindin babban yatsa, sai ya yi kanta, ƙarƙashin kantar ya ruɓe, ya zama gyambo, gyambon ya ƙi warkewa saboda jini ba ya isa sosai. Da yawa daga ƙafafun da ake yankewa a asibitocinmu daga nan suka faro. A nan ne insol na musamman, wanda aka ƙera don ya ɗauke nauyi daga wurin da ke cikin haɗari, yake biyan kuɗin sabulu, musamman ga wanda ya taɓa yin gyambo ya warke. Kuma a nan ne na danfo yake zama guba. Waɗannan ƙurajen da aka ce suna tausa, da tudu mai tauri da bai dace da ƙafar ba, za su iya huda fatar da ba ta ji. Mai suga kada ya sa komai a takalminsa sai ma'aikacin lafiya ya gani. Ya zura hannu cikin takalmi ya kakkaɓe kafin ya sa, ya duba tafin ƙafarsa kullum ko ya sa a duba masa, kada ya yi yawo ba takalmi, kada kuma ya bari mai yankan farce na kan titi ya fere masa kanta da reza.

Yara kuma a bar su su sarara. Kowane jariri da shafaffen tafin ƙafa ake haihuwarsa, bakan yana fitowa a hankali, galibi zuwa shekara shida har goma. In yaro ya yi ɗage a kan yatsu ka ga gurbin ya bayyana, kuma ba ya kukan ciwo, ba ya bukatar komai, insol kuma ba ya ƙera wa yaro baka. Wanda za a kai asibiti shi ne mai ciwo, ko wanda ƙafarsa ta sandare, ko ƙafa ɗaya ce kawai ta shafe. Manya ma da yawa masu shafaffiyar ƙafa suna tafiyarsu lafiya lau har tsufa.

Wasu alamomin kuma ba na kanti ba ne sam. Ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa, ko dindiris a tsakanin cinyoyi, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, wannan asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Ciwon baya da zazzaɓi da rama da gumin dare na iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, kuma muna da shi a ƙasar nan. Sharaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, musamman bayan doguwar tafiyar mota daga Arewa, ana tsoron gudan jini. Sharaɓar da ke ƙullewa in an yi tafiya ta saki in an tsaya, hanyar jini ce ta tsuke. Mai sikila da ƙugu ya dame shi ma hoto yake bukata. Kuma tunda an zo nan bari in faɗa: haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙulla mana a leda, uku ja biyu fari, ana sha kullum kafin a fita aiki, ya fi kowane insol na bogi illa. Masu kashe zafi irin su diklofenak in aka daɗe a kansu suna cin ciki suna taɓa ƙoda.

Da muka koma kan kawu, ga abin da aka yi. Ya sayi sau-ciki mai igiya a gwanjo, muka zare shimfiɗar da ya zo da ita, domin in aka ɗora sabuwa a kan tsohuwa takalmin matsewa yake yi. Muka samo insol mai matsakaicin tudu da kwarmin dunduniya a wani kantin magani, ƙafa biyu, ko da yake ɗaya ce ke ciwo, don kada tsayin ya bambanta. Ya ɗan yi tsawo, sai muka kai wa wani dattijo mai shushaina da ke zama kusa da gadar Pen Cinema. Ya ɗora tsohuwar shimfiɗar a kan sabuwar, ya zana da biro, ya yanke gaban da almakashi, ya zura ya shafa da yatsu ya ji ko ta tattare. Ya dubi kawu ya ce, "Malam, kada ka wuni da shi yau. Awa biyu ka cire, gobe ka ƙara." Abin da likitocin gashin ƙashi ke faɗa ke nan, shi a bakin aiki ya koya. Ɗan baƙunta a kwanakin farko ba komai ba ne, amma in bayan mako biyu yana ƙara ciwo ko yana tayar da bororo, ba naka ba ne, a canza. Jin daɗinsa a ƙafa shi ne ma'aunin da ya fi na'ura.

Sauran aikin ba na saye ba ne. Kafin ya sauko daga katifa yakan ɗora ƙafar a kan gwiwa, ya kama yatsun ya ja su baya har ya ji tsirkiyar ta miƙe, ya ƙirga goma, ya maimaita sau goma. In ya yi alwala ya dafa bango, ya tura ƙafar baya, dunduniya a ƙasa, ya miƙar da sharaɓa. Da dare yana murza gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafin, ranar da aka samu wuta ke nan. Ya kuma roƙi a ba shi doguwar kujera a bakin ƙofa, yana ɗan ɗosana jiki tsakanin mota da mota. Wata na huɗu ke nan. Har yanzu yakan ce wash wata asubar, musamman ranar Litinin in ya wuni Lahadi yana zumunci a Alaba Rago da silifas. Sosan dunduniyar ya fara lotsawa, mai shushainan ya ce a kawo ya gani in an yi albashi. Mai maganaɗisun kuwa yana ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa a ɗakinmu.